Masarar da Alade Ya Ƙi

"Mama, me ya sa abincin makarantarmu yake warin rigar Baba?"

Maman Tsakuwa na tsugune a bakin famfo tana cuɗa rigar da ake magana a kanta. Hannunta ya tsaya cikin kumfa. Ta san warin nan fiye da kowa, wani tsami mai kama hanci kamar tsohon gumi, wanda ko sabulu bai fiye cin ƙarfinsa ba. Mijinta ma'aikaci ne a kamfanin haɗa abincin dabbobi, a ɓangaren aladu, kuma shi ke zuba ruwan tsamin da suke kira asid cikin injin gauraya. Saboda wannan wari ta ware wa kayansa bokiti daban da igiyar shanya daban.

Ta dubi ƴar tata. Tsakuwa ta yini jiya tana zaryar bayan gida, idanunta har sun faɗa.

"Baban Tsakuwa, ka ji abin da ƴarka ta ce?"

Yana zaune bakin ƙofa yana ɗaure igiyar takalmi. Ya yi dariya.

"Hancinki ta gado. Ke da kike jin ƙauri kafin a kunna wuta."

"Ba wasa nake ba. Me asid ɗin nan yake yi wa ciki?"

"Gyara. Ƴaƴan aladu in an yaye su, cikinsu ba ya iya narkar da abinci, sai zawo ya kwashe su. To shi ne ake ɗan zuba musu tsami, da awo. Yana kuma hana hatsi yin fumfuna. Ba guba ba ne, uwargida."

"In hatsin ya riga ya yi fumfunar fa?"

"A'a, wannan kam an gama. Tsami ba ya tayar da matacce. Warin kawai zai danne, dafin na nan ciki. Irin wannan ko aladun ba ma ba su, rami muke kai shi." Ya ja igiyar, sai kuma hannunsa ya yi sanyi. "Sai dai kwanaki Yaya ta roƙi ƴan buhuna daga ciki, wai za ta yi taki a lambunta."

Yayarsa ce mai girkin makarantar su Tsakuwa. Ita ta raine shi bayan rasuwar mahaifiyarsu, ita ta tsaya a kan aurensu, a gidan nan ba a ɗaga mata murya.

"Da asid ɗin ma ta roƙa?"

"Ɗan kaɗan a kwalba. Ta ce na wanke masai ne." Ya miƙe yana kallon ƙasa. "Don Allah ki bar ni na yi mata magana da kaina. Yaya ce fa."

"Yaushe? Bayan an sauke tukunyar yau?"

Ta ɗauraye hannu, ta ja mayafi, ta kama hannun Tsakuwa.

Kicin ɗin makarantar wata rumfar kwano ce a bayan azuzuwa. Tun kafin ta shiga warin ya tare ta, tsamin rigar mijinta, a ƙarƙashinsa kuma wani wari mai nauyi irin na ɗakin da ruwa ya kwana a ciki. Buhuna na jingine da bango, an juya cikinsu waje, amma ta gefen ɗinki ana hango kunnen aladen da aka zana a jiki. A kan leda an baza masara, ta dunƙule curi-curi, kore da baƙi, ƙwari na yawo a kai. Ga kwalbar lemo an huda murfinta don yayyafa asid.

"A'a, amaryarmu ce da sassafe?" in ji Yaya daga bakin murhu, tana juya babbar tukunya. "Tsakuwa, zo ki gaida Goggonki. Kin rame, uwarki ba ta ba ki abinci ne?"

"Ina kwana, Yaya. Wannan masarar fa?"

"Ta ɗan sha damshi ne. Na gyara ta."

"Da asid ɗin aladu?"

"To mene ne? Ƙanena da bakinsa ya ce magani ne. Abin da ke sa dabba ƙiba shi zai kashe mutum? Ku yaran yanzu da tsirfa. In an niƙa an tankaɗe, wuta ta ci, wa zai sani?"

"Cikin Tsakuwa ya sani, Yaya. Masarar nan alade ma an hana shi."

"Ke, kama bakinki. Ni na goya mijin naki."

A gefe, kan wani benci, jikan Yaya da ake kira Ɗan Lele yana zaune da burodi da dafaffen ƙwai a cikin ƴar roba, irin wadda ake zuwa da ita daga gida. Maman Tsakuwa ta kalli robar, ta kalli tukunyar. Ta ɗauki kwano a cikin jerin na yara, ta karɓi ludayi, ta zuba, ta hura har ya huce. Sannan ta durƙusa gaban yaron.

"Ɗan Lele, ha bakinka. Girkin Kaka ne."

Cokalin bai kai ba. Yaya ta yi tsalle ɗaya kamar ba ita ke kukan ciwon gwiwa ba, ta kaɗe kwanon, abincin ya watsu a ƙasa, toka-toka, yana tururi.

"Shi cikinsa ba ya son masara!"



"Na sauran yaran kuma na ƙarfe ne," in ji Maman Tsakuwa.

"Ki rufa min asiri, ƙanwata. Daga gobe ba zan ƙara ba."

"Na yau fa, wa zai ci?"

Ta naɗe hannu da tsumma, ta kama kunnen tukunyar, ta kifar da ita cikin kwata. Ta ɗebi curin masara ɗaya a leda, ta nufi ofishin shugabar makaranta, ta bi ta bakin ƙofa inda iyaye ke sauke yara, ba ta ɓoye abin da ke hannunta ba.

An sallami Yaya a ranar. Har yanzu ba ta amsa gaisuwar Maman Tsakuwa, dangin miji kuma suna kiranta mai tonon silili. Baban Tsakuwa ya sha faɗa a wurin aiki, ya yi kwanaki yana cin abinci ba ya ɗaga kai. Ita dai ta ga cikin ƴarta ya tsaya, kumatu sun fara dawowa. Kayan aikinsa suna nan a bokitinsu daban.

Ke mai karatu, in ɗanki ya ce abinci na wari, kada ki ce masa tsirfa. Tashi ki je inda ake dafa shi, ki buɗe buhun da hannunki, ki sunsuna. Ki kuma duba abin da ɗan mai girkin yake ci.