Na Ɗaya a Ajin Malam Abdulmalik

Sakamakon jarrabawar shiga jami'a ya shigo wayar Ummi ranar Laraba da hantsi: maki ɗari da sittin da takwas cikin ɗari huɗu. Karatun harhaɗa magunguna da take so yana bukatar fiye da haka nesa ba kusa ba. Ta karanta saƙon sau biyu, ta kife wayar a kan firji, ta shiga ɗaki ta tura ƙofa. Har safiyar Juma'a ba ta fitowa tsakar gida sai don alwala, shi ma sai ta tabbatar mahaifinta ya fita.

Mahaifin nata, Ɗayyabu mai famfo, sananne ne a Tarauni. Shekara ashirin da biyu yana gyaran injin rijiyar burtsatse, kuma daga Gyadi-Gyadi har Hotoro ana cewa idan ya kara kunne a jikin bututu zai faɗi abin da ya lalace a ƙasa tun kafin a zaro injin. A gida kuwa da wani abu daban aka san shi. Duk ƙarshen zango, idan yara suka kawo katin sakamako, sai ya gyara zama ya ce, "Mu a zamaninmu, na ɗaya ba ya wuce ni." Matarsa Hasana, ungozoma a wani ƙaramin asibiti a Unguwa Uku, takan ci gaba da tsince shinkafarta kawai.

Ranar Juma'ar ya tsaya a ƙofar ɗakin ya kira ta yadda ya saba, don sunan mahaifiyarsa Safiya ta ci. "Mamana, fito ki sha koko." Ba ta fito ba. Hasana ta yafito shi zuwa madafi.

"Malam, ba makin ne ya hana ta fitowa ba. Kai ne."

"Ni? Ko faɗa ban yi mata ba."

"Ta ce da wane ido 'yar na ɗaya za ta kalli na ɗaya. Ta kuma ce ba za ta sake zana jarrabawar ba, kada ta ba ka kunya sau biyu."

Ɗayyabu ya ɗauki jakar kayan aikinsa ya fita.

A Tarauni, shagonsa yana jikin na Mu'azu mai sayar da bututu, wanda suka yi firamare ɗaya a Gyadi-Gyadi, benci ɗaya ma. Ɗayyabu ya kwashe labarin ya gaya masa. Mu'azu ya yi dariya har ya ajiye shayinsa.

"Ai ni ma a gidana na ɗaya nake zuwa."

"Kai?"

"Ni. Ashiru direba ma haka. Rannan na zauna na ƙirga, ajin Malam Abdulmalik kaɗai ya fitar da na ɗaya goma sha ɗaya, duk a shekara guda."

"Mu'azu, yarinyar kwana biyu ba ta ci abin kirki ba."

Mu'azu ya daina dariya. Ya yi ɗan tunani, sannan ya kawo shawara. "Kada ka rusa ginin gaba ɗaya. Ka ce mata akwai zangon da ka taɓa zuwa na uku, zazzaɓi ya kwantar da kai. Ta ga kai ma mutum ne. Amma in ka faɗi gaskiya, gobe 'ya'yana za su ji, jibi na Ashiru. Ka tausaya wa jama'a."

Ɗayyabu ya yi ta juya maganar a ransa yana warware wayar wani inji da ya ƙone. Na uku ba laifi. Na uku ma ado ne. Sai dai ya san Ummi: za ta ce ko da zazzaɓi Baba na uku ya zo, ita kuwa lafiyarta ƙalau ta faɗi. Ƙofar ba za ta buɗe ba.

Da aka sauko daga masallaci bai koma shago ba. Ya wuce gida, ya tarar Hasana tana kwashe dambu.

"Katin nan yana nan?"

Ba ta tambayi wane kati ba. Ta wanke hannu, ta shiga ɗakinta, ta jawo wata tsohuwar kwalla daga ƙarƙashin gado. Marigayiya Inna, mahaifiyar Ɗayyabu, ita ta ba ta katin sakamakonsa na firamare a makon da ta tare, ta ce ta ajiye don kada ta manta abin da ta aura. Katin ya yi ja, gefensa ya lanƙwashe. Ɗayyabu ya buɗe, ya duba, ya rufe.

"Babu wani wanda ya ɗan fi wannan?"

"Shi ne mafi kyawu, Malam. Na zango na biyu babu lamba ma. Ba ka zo jarrabawa ba."

Ya je ƙofar ɗakin Ummi, ya durƙusa kamar mai duba yoyo, ya tura katin ta ƙasan ƙofa. Sannan ya koma kan tabarma ya zauna, ya cire hula ya ɗora a gwiwa. Ya duba agogo. Minti huɗu ba motsi. A na biyar aka ji wani sauti daga ciki, wanda da farko bai gane ko kuka ne ba. Ƙofa ta buɗe. Ummi ta fito idanunta a kumbure, katin a hannu, tana ƙoƙarin riƙe dariya ta kasa.

"Baba, wannan wane Ɗayyabu Isyakun ne?"

"Guda ɗaya ne a ajin."

Ta zauna a bakin tabarmar ta karanta a fili, a hankali, kamar mai karanta labarai. "Aji shida. Na talatin da takwas cikin arba'in da ɗaya. Lissafi, goma sha tara. Turanci, ashirin da biyu." Ta juya bayan katin, inda malamin aji ya yi rubutu da jan biro. "Bayanin malami: A gaya masa ya daina kwance famfon makaranta."

"Yoyo yake yi," in ji Ɗayyabu. "Wata uku yana zubar da ruwa, babu wanda ya kula."

"Ka gyara shi?"

"Na gyara. Bulala shida na sha, amma har muka fita bai sake yoyo ba."

Ummi ta share ido da gefen hijabi. Dariyar ta lafa. "To me ya sa kake ce mana na ɗaya?"

Ɗayyabu ya juya hular a gwiwarsa. "Na ɗauka idan kun hango ni a gaba za ku yi gudu ku kamo ni. Ban san tare miki hanya na yi ba, Mamana. Ki yafe wa ɗanki."

Ta sunkuyar da kai, ta daɗe tana kallon jan rubutun. Can ta ɗago. "To wa yake zuwa na ɗaya a ajin?"

Ya nuna madafi da haɓa. Hasana na fitowa da farantin dambu da kwalbar man gyaɗa.

"Umma? Ajinku ɗaya?"

"Sau biyu na maimaita aji huɗu," in ji shi. "A na biyun ta iske ni. Daga ranar har muka gama, in an jera mu ranar hutu bisa lamba, ita ce a bakin layi, ni ina can kusa da katanga. Ƙeyarta na fara sani kafin fuskarta."

"Umma, shekara nawa kina jin yana faɗa, ba ki ce komai ba?"

"Tun kina aji ɗaya," in ji Hasana, tana ajiye farantin. "Ni takardata tana cikin kwalla, ba inda za ta je. Shi baki kawai yake da shi, sai na bar masa."

Ummi ta dubi mahaifinta, ta dubi katin. "Ke nan makin ba shi da wani amfani. Ga Baba, kowa nemansa yake."

"Wa ya gaya miki?" Hasana ta zauna. "Ba don makina ba, da ba a ɗauke ni makarantar ungozoma ba. Makin ne ya shigar da ni. Bayan na shiga, mata sun fi dubu da na karɓi haihuwarsu, babu wadda ta tsaya cikin naƙuda ta tambaye ni na nawa na zo. Aikin babanki da sifana ake shigarsa. Wanda kike so da maki ake shigarsa. In har shi kike so, sai ki koma ki nemo makin."

"In na sake faɗuwa fa?"

"Sai ki yi sau biyu," in ji Ɗayyabu. "Gado ne."

Ummi ta jawo farantin gabanta, ta zuba mai, ta kai loma uku a jere kafin ta sake magana. Ta ce za ta sake zanawa baɗi, amma Umma ce za ta riƙa duba mata lissafi, kuma katin ya zama nata, za ta sa shi a cikin littafi. Ɗayyabu ya ce ya amince, sai dai kada labarin ya wuce zaure, akwai mutum goma da mutuncinsu ke rataye a kansa.

"Har da Baba Mu'azu? Shi na nawa ya zo?"

Ɗayyabu ya mayar da hularsa, ya gyara zama yadda ya saba duk ƙarshen zango.

"Na talatin da tara," ya ce. "Shi kam ban taɓa bari ya wuce ni ba. Tambayi na ɗaya, ga ta nan zaune."