Yatsan Malam Muhyiddin

Karo na uku ke nan Na'Allah, ma'aikacin ɗakin shan magani, yana ɗauro cajar batirin firij a bayan babur tun daga ƙauyensu har Kontagora. Ya dire ta a teburin Malam Muhyiddin mai gyaran rediyo, ya zube a benci.

"Malam, ta sake ƙonewa. Alluran rigakafi suna can cikin randa."

Muhyiddin ya kwance murfin yana tsaki. Tiransisto biyu ne a ciki masu karɓa-karɓa: in ɗaya ya buɗe wa wuta hanya, ɗayan ya rufe. Wanda ya makara wajen rufewa, wuta ta koma masa baya, sai zafi, sai ƙuna. Muhyiddin ba shi da na'urar auna wannan lokacin. Shekara ashirin da yatsa yake aiki: ya murɗa ɗan sukurun saiti, ya taɓa, in bai ji zafi ba ya ce ta yi.

Ya sa sababbi, ya kunna, ya murɗa, ya taɓa.

"Sanyi ƙalau. Taɓa ka ji."

Na'Allah ya taɓa, ya fizge hannu yana yarfewa. "Wayyo! Malam, ai wannan sai ya gasa nama!"

Muhyiddin ya sake ɗora yatsansa, ya daɗe. Bai ji komai ba. Ya juyo yatsan, ya dubi kantar da ƙarfen narka dalma ya bar masa.

"Matso kusa," ya ce a hankali. "Ara mini naka."