Hoton Neman Auren Kawu Hodi

Tun da Sirajo ya dawo daga Italiya, babu wanda ya ƙara shan ruwa da kwanciyar hankali a gabansa. Kana ɗaga kofi sai ka ji ƙyas, ya ɗauke ka baki buɗe. Kamfanin gyaran shinkafar da yake wa aiki a Birnin Kebbi ne ya tura shi wani tsohon gari mai suna Pavia, ya koyo aiki da sababbin injuna. Injin dai ya koyo daidai gwargwado. Abin da ya cika masa kai ya dawo da shi, ɗaukar hoto ne.

Wata Asabar ce a can ya bi ayarin 'yan yawon buɗe ido, wani tsohon Bature mai gemun akuya yana zagayawa da su lungu-lungu yana koya musu hoto da waya. Ya ce kada a dasa mutum a tsakiya kamar turke, kuma a jira hasken la'asar sakaliya. Babban darasin kuwa shi ne kada mutum ya san ana ɗaukarsa, don da zarar ya gyara tsayuwa hoto ya mutu. Sirajo ya yini yana ƙyasawa. In za a faɗi gaskiya, kuma shi kansa yakan faɗa in raha ta yi daɗi, rabin hotunan babban yatsansa ne, saura kuwa wutsiyar tattabaru da ƙeyar mutane a kan wata tsohuwar gada mai rufi. Amma guda ɗaya ya faɗo masa, na wani dattijo yana gyaran keke a bakin kogi. Baturen ya duba, ya dafa kafaɗarsa ya ce, "Bravo," wato madalla. Shi ke nan, an gama da Sirajo. Kafin wata ya mutu abokin aikinsa Clement ya laƙaba masa Malam Burabo, shi kuwa ko kunya babu, amsawa yake yi.

Ana cikin haka mahaifiyarsa, Inna Ummu Hani, ta kira shi ɗaki ta rage murya. Yayanta Hodi, masunci a Argungu, ya gaji da zaman gwauranci tun rasuwar matarsa. Akwai wata Baiwa a Ambursa, mai sana'ar turara shinkafa, ita ma mijinta ya rasu. Sun san juna tun ƙuruciya, amma rabonsu da ganin juna tun gashin kowa na baƙi. Inna ta kai maganar, Baiwa ba ta ce a'a ba, ta dai ce a turo mata hotonsa a wayarta ta ga yadda ya koma. Kawu Hodi kuwa, mutumin da ke rungumo giwan ruwa da hannu, tsoron abu ɗaya yake yi a duniya, a ƙi shi ido da ido. Shi ya sa zancen hoton ya yi masa daɗi. In an ƙi, hoto aka ƙi.

Sirajo ya ji abin nema ya samu. Ya hau babur ranar Lahadi ya nufi Argungu.

Ya tarar kawun ya daɗe da shiri. Ya yi aski, ya zuba babbar riga fara mai ƙamshin adaka, ya kafa hula, ya aro kujerar roba ya ajiye a tsakiyar tsakar gida, rana tsaka. Ya zauna ya miƙe wuya, hannuwa bisa gwiwa, fuska a ɗaure kamar mai jiran hukuncin alƙali. Sirajo ya ji zuciyarsa ta karye. Duk abin da Baturen ya hana, ga shi an tara masa wuri guda. Ya ɗauka dai don ladabi, ko gyara tsayuwa bai yi ba, a ransa yana cewa wannan ai hoton katin zaɓe ne.

Da la'asar kawun ya tuɓe rigar ya ninke, ya ɗauki homarsa ta kamun kifi da goransa ya gangara kogi duba abin da Allah zai ba shi. Sirajo ya bi shi daga nesa yana raɓe-raɓe cikin ciyawa, sauro na cin ƙafarsa yana haƙuri saboda fasaha. Can sai ga kawun ya taso daga ruwa, babu riga, guntun wando ya sha faci, taɓo har ƙirji, haƙarƙari a waje, yana dariya da giɓinsa saboda wata tarwaɗa ta kuɓuce masa. Rana ta zubo masa ja a kafaɗa. Ƙyas.

Wallahi hoton ya yi kyau. Wannan kam ba za a raba Sirajo da gaskiyarsa ba. Ya yi ta kallonsa har idonsa ya kawo ruwa, yana jin ina ma mai gemun akuya na kusa. Washegari, bai yi shawara da kowa ba, ya tura wa Baiwa shi. Na babbar rigar kuwa ya goge, wai kada ya ɓata masa suna. Ƙaramin sani ƙuƙumi ne.

Amsa ba ta zo ta waya ba. A bayan ɗan acaɓa ta zo, har ƙofar gidan kawun a Argungu: buhun shinkafa, da ƙullin tsofaffin rigunan marigayi mijinta. Saƙon da ta ba ɗan acaɓan ya faɗa, kuma ya faɗa da ƙarfi a gaban masu zaman dakali, shi ne ta ga hoto, ta yi kuka, ashe haka duniya ta yi da Hodi ba wanda ya gaya mata. Ya rufa jikinsa da waɗannan, Allah ya kawo sauƙi. Zancen aure ko da kalma ɗaya babu.

Inna ce ta kira Sirajo, kuma abin da ta faɗa masa ba mai maimaituwa ba ne. Ya isa Argungu, ya durƙusa gaban kawun, ya miƙa wayar. Kawun ya daɗe yana kallon kansa a hoton. Bai yi faɗa ba, da ma ya yi da ya fi sauƙi.

"Ni na, ba ka yi ƙarya ba," in ji shi. "Amma Sirajo, shekara nawa ina wanke wanga taɓo kahin in shiga mutane, kai ko ka kwashe shi ka kai mata har ɗaka?"

Sirajo ya ji kunya ta rufe shi har ya rasa inda zai sa idonsa. Ya fara cewa bari a sake wani, wannan karon a kujera, a tsakiya, yadda ake so. Kawun ya ce ya isa, hoto ya yi nasa aikin. Ya shiga ya yi wanka, ya shirya, ya sa Sirajo ya ɗaure buhun da ƙullin a bayan babur. Haka suka kama hanyar Ambursa, Malam Burabo a matse kan tanki, dattijo a bayansa.

A ƙofar gidan Baiwa ƙamshin turaren shinkafa ya tare su. Sirajo na tsaye da buhu a ka, gumi na bin wuyansa, ya ga kawun yana ta gyara zaman hularsa. Wannan tsayuwar ce kawun ya so a raba shi da ita, shi kuma Sirajo ya jawo masa ita da gwanintarsa. Kawun ya yi gyaran murya ya yi sallama.

Daga ciki wata murya ta tambayi ko wane ne.

"Wanda kinka yi ma sadaka na," in ji Kawu Hodi. "Ya taho godiya da ƙahwa tai."

Sirajo ya ji buhun ya ƙara nauyi. Sai labulen zaure ya motsa, ido ɗaya ya leƙo, ya bi dattijon tun daga hula har takalmi. Labulen ya koma. Can suka ji ta tuntsire da dariya tana salati, tana kiran a ɗauke waccan tsohuwar tabarma a shimfiɗo sabuwa, a kuma ce wa mai hoton ya tsaya daga waje.