Hoton da Rachael Za Ta Kai Ribah

Dawuda mai hoto ya fi shekara goma yana ɗaukar biki da suna a Zuru, kuma bai taɓa jin kunya irin ta ranar tunawa da 'yan mazan jiya ba.

Rachael ce ta nemo shi. Bana ita aka zaɓa ta ajiye furanni a gindin ginin tunawa da sojoji, a madadin matan da mazansu suka faɗi a fagen daga. Mijinta, Kofur Japhet, ya tafi arewa maso gabas, ko gawarsa ba a kawo ba. Uwarsa na kwance a Ribah, ƙafa ta ƙi, ba ta iya hawa babur. Abu ɗaya tsohuwar ta roƙa: a kawo mata hoto ta ga sojoji sun sara wa ɗanta. Dawuda ya bugi ƙirji, ya ce a ɗauka an gama.

Ya samu wuri mai kyau, ya gyara kyamara. Sojojin fareti suka jeru cikin fararen safar hannu. Rachael ta tako ta ajiye furanni, aka ɗaga bindigogi, sai mai bigila ya busa.

To, Dawuda a bariki aka haife shi. A can, da an busa bigila kowa ƙamewa yake, ko mace da tulu a ka, ko yaro da loma a baki. Kafin ya ankara hannayensa sun sauka gefe, kyamara na lilo a ƙirjinsa, ya sandare har busar ta ƙare. Ko hoto ɗaya bai ɗauka ba.

Da manyan baƙi suka watse, ya je ya faɗa mata gaskiya, kansa a ƙasa. Ba ta yi faɗa ba, abin da ya fi ƙona masa rai ke nan. Ta dai tambaye shi abin da za ta ce wa tsohuwa.

Saje Yero, shugaban faretin, yana kusa yana jinsu. Ya yi dariya har da riƙe ciki, ya ce wannan ɗan bariki ne na gaske. Sannan ya tambayi sunan mamacin, ya nufi inuwar mangwaro inda yaransa suka fara kwance ɗamara. Ya roƙe su su sake sara wa mamacin, ya ce musu ba umarni ba ne, wanda ya gaji ya zauna abinsa. Babu wanda ya zauna.

Suka sake jeruwa cikin rana tsaka. Saje ya gargaɗi mai bigila ya kai ta baki kawai kada ya busa, kar a sake rasa mai hoto. Ya ɗaga murya ya kira sunan Kofur Japhet, bindigogi suka tashi gaba ɗaya. Dawuda ya yi ta dannawa, idonsa cike da ƙwalla, yana yi wa Saje godiya a zuci.

Ya juya kyamarar ya nuna wa Rachael, ya ce ta yafe masa na farkon. Ta daɗe tana kallo, ta shafa gilashin da bakin zanenta.

"Allah Ya yi maka albarka da ba ka ɗauka ba," ta ce. "Na ɗazu na kowa ne. Wanga nashi ne shi kaɗai."