Renon Tumatir ɗin Malam Sajo

Malam Sajo na Gammo mutum ne mai mafarki, kuma shi ba ya jiran dare. Da ya idar da azahar sai ya jingina da mangwaron bakin fadamarsa, ya ɗora rediyo a kan ciki, shi ke nan ya tafi.

A shekarar da rigimar zaɓen shugaban ƙasa ta kai kotu, mafarkinsa ɗaya ne tak. Sabuwar gwamnati ta cire tallafin mai tun ranar rantsuwa, fetur ya ninka uku, injin ban ruwansa yana ɗaki lulluɓe da buhu. To, a mafarkin sai ya ga alƙalai sun gangaro fadama da hulunansu farare kamar auduga, sun tattare riguna zuwa gwiwa. Babbansu ya ɗaga hannu ya ce an soke zaɓe, mai ya koma yadda yake. Sai injin ya tashi da kansa. Ruwa ya bi fangali-fangali yana sheƙi, balbelu na sauka, tumatir na nuna a gaban idonsa har fadamar ta yi ja. Wa ya gaya masa alƙali ne ke yanka farashin mai? Oho! Shi dai ya gani, kuma ya ji sanyin ruwan a ƙafarsa.

Ana cikin haka ya zuba irin tumatir a gadon reno, kamar kowace shekara in damina ta ja baya. Wannan renon shi ne abincin gidansa na rani gaba ɗaya. Kowa kuwa ya sani, reno ba ya wuce sati huɗu a gado, dole a cire a dasa.

Sati huɗu suka cika. Maƙwabcinsa Abdulmumini ya dasa ɗan gefen gonarsa yana ba shi ruwa da bokiti.

“Malam Sajo, ka dasa ko rubu'i ne mana,” in ji shi. “Renon nan ya isa.”

“Ni da na saba cika fadama? Haba! Kwana nawa ya rage a yanke hukunci? In dasa duka rana ɗaya, in ta da inji.”

Matarsa Uwaliya ma ta yi magana, ranar da ta kawo masa fura ta ga renon ya kai mata ƙauri.

“Malam, su fa waɗannan ba su san kotu ba.”

Ya yi murmushi ya ce ta ƙara haƙuri. Wallahi yana jin tausayinta, amma mafarkin ya fi bokiti daɗi.

Ranar wata Alhamis Kotun Ƙoli ta zauna. Bai yi barci ba ranar, ya rungume rediyo har aka gama karatu mai tsawo, mai fassara ya ce an kori ƙarar, zaɓe ya tabbata. Ba wanda ya ambaci fetur, ko sau ɗaya.

Ya daɗe a zaune. Sannan ya tashi ya je gadon reno, ya durƙusa, ya dube shi sosai, abin da ya yi makonni bai yi ba. Sun yi zaƙo-zaƙo, sirara, sun kwanta a kan juna. Wasu har sun fitar da ɗan fure rawaya a nan inda suke. Ya ja ɗaya a hankali, ya karye a hannunsa. Ya ja wani, saiwar ta sarƙe da ta 'yan uwansa, ta tsinke. Kunya da baƙin ciki suka rufe shi.

Bai ji zuwan Uwaliya ba sai da ta ajiye bokiti biyu a bayansa. Ba ta ce ai na faɗa maka ba, shi kuwa da ta faɗa da ya fi masa sauƙi. Ta durƙusa ta fara tsintar gajerun da ke bakin gadon, tana tarawa a gefen zaninta.

“Za su kama?” ya tambaye ta, shi da ya shekara talatin yana noman rani.

“Allah ya sa, Malam.”

Suka bi gadon tun daga wannan kai har wancan. Abin da suka samu mai dasuwa bai cika gefen zanin ba. Fangali biyu suka dasa kafin la'asar ta yi sanyi, sauran fadamar tana shimfiɗe a bushe har bakin rafi. Malam Sajo ya ɗauki bokiti ya nufi ruwa, yana share ido da hannun riga don kada ta gani.