Yafiyar da Ake Ɗumamawa

Mafarkin da na yi daren jiya, da wani ne ya ba ni labarinsa, cewa zan yi ya rage cin wake da yamma. Azumi saura kwana uku, kuma kafin in kwanta na yi abin da nake yi kowace shekara: na tura saƙon neman yafiya ga duk wata lamba da ke cikin wayata, mutum ɗari huɗu da goma sha biyu a danna ɗaya. "Duk wanda na ɓata wa, da sanina ko ba da sanina ba, ya yafe mini. Ni na yafe wa kowa." Har da hoton jinjirin wata na haɗa. Na ja bargo ina jin kaina tas, wai ni Muntari na gama da haƙƙin bayin Allah.

Sai ga ni a wata tashar mota da rana tsaka. Ana ruwa, amma daga ƙasa yake tsattsafowa yana hawa sama, don haka kowa ya kwantar da lemarsa rigingine ya tsaya a cikinta. Ban yi mamaki ba. Abin da ya dame ni kawai shi ne shaddata tana jiƙewa daga ƙasa.

Motoci ne jere, duk sun fuskanci hanya ɗaya, kuma babu wadda ke da madubin duba baya. 'Yan kamashon tashar awaki ne. Wani bunsuru mai gemu, da tawul a wuya, yana dukan bayan wata mota da kofato yana ihu: "Saura mutum ɗaya! Saura mutum ɗaya!"

Na leƙa, na ce masa, "Malam, ai babu kowa a motar nan."

Ya ce, "Shi ya sa na ce saura mutum ɗaya. Nan ba a gwamutsi."

"Ina take zuwa?"

"Inda kowa ke cewa ya shirya zuwa."

"To yaushe take dawowa?"

Bunsurun ya ciro tikiti ɗaya ya tauna, yana kallona irin kallon da ake yi wa wanda ya tambayi hanyar kasuwa alhali yana tsakiyarta. Na yi salati, na tambaye shi ko Lahira ce wannan.

Ya ce, "A'a, mu ba mu kai can ba. Lodi kawai muke yi. Abin da ke gaba, Mai shi ne ya sani."

Ana cikin haka wani Alhaji ya iso yana nishi, ɗauke da wani ƙaton allon dutse da ya fi ƙofar zaure faɗi. Sunansa ne a rubuce da ruwan gwal, da sarautunsa uku, can ƙasa kuma da ƙananan baƙaƙe an ce shi ya gina masallaci. Ya ce a sa masa a but.

Bunsurun ya ce, "Ina masallacin?"

"Yana gida mana. Wa yake tafiya da masallaci?"

"Ana tafiya da shi sosai. Naka ma ya yunƙura zai riga ka yin gaba, allon nan ya danne shi."

Alhajin ya ce a kira masa shugaban tasha, aka ce shugaban yana kiwo. Daga ƙarshe Alhajin ya shiga wata mota da farin ƙyalle kawai, motar ta tsuke daidai tsawonsa, ta tafi ba tare da direba ba. Na yi dariya a raina, don ni dai na san ba ni da allo.

Sai na gan ni a wani ofis. Wata tsohuwar akuya mai tabarau tana zaune bayan tebur, faifai a gabanta. A jikin bango an rubuta: Sashen Tantance Yafiya. Na yi ta maza na tambaye ta dalilin da ya sa aka rasa wanda za a ba wannan aiki sai awaki.

Ta ce, "Mu ne muke shiga kowane gida ba sallama. Abin da kuke ɓoye wa liman, a gabanmu kuke yin sa. Kawo yafiyarka."

Nan fa aka zo wurina. Na miƙa mata wayata ina gyara hula. Ta kife ta a kan faifan ta girgiza, amsoshin mutane suka zubo tsaba-tsaba, "Allah ya yafe mana baki ɗaya" har da tozo. Ta ɗaga faifan ta fara bakace. Iska ta kwashe su kaf, ashe duk ƙaiƙayi ne. Ta cafko ɗaya kafin ya tashi.

"Wannan wane ne?"

"Mai gyara mini janareto."

"Me ka yi masa?"

"Ba komai."

"Wannan fa?"

"Wani ne muka zauna kujera ɗaya a jirgi."

"Wannan kuma ya bi motarmu tun bara waccan. Wanda ya gaji layinsa ne yake amsa maka da amin, wani mai sayar da taya." Ta cire tabarau ta goge da kunnenta. "Malam Muntari, shekara da shekaru kana wanke rigunan da ba su yi datti ba. Ina ta Tabawa?"

Ranar wanka ba a ɓoye cibiya, bari in faɗa. Yaya Tabawa ita ce babbar yayata. Ina da wata bakwai mahaifiyarmu ta rasu, a bayanta na girma, kuma da sana'ar daddawa ta tsaya mini har na gama makaranta. Shekara tara da suka wuce na yi walimar tarewa a sabon gidana. Shugaban ma'aikatarmu yana falo da manyan baƙi sai ga ta ta shigo daga ƙauyenmu, Unguwar Ɗinya, da ƙwaryar daddawa a ka, warin ya riga ta sallama. Shugaban ya toshe hanci ya ce wace ce wannan. Na ce, "Wata ce daga ƙauyenmu, mai kawo mana daddawa." Ta ji. Ta sauke ƙwaryar, ta durƙusa ta ce mini, "Ranka ya daɗe," ta fita. Ba ta sake zuwa ba, ni ma ban je ba. Kunya ce ta hana ni a shekarar farko, daga baya kuma na sa mata suna hidimar aiki.

Amma ni mutum ne da ba a kayar da shi a musu da sauƙi. Na ce wa akuyar, "Hajiya, ki karanta saƙon da kyau. Cewa na yi duk wanda na ɓata wa. Duk. Ita ma tana ciki."

"Tana da irin wayarka?"

"'Yar ƙaramar waya rakani-kashi gare ta. Kuma ba ta karatun boko."

"To saƙon naka a mota ya je mata ko a ƙafa?"

Ta buga mini hatimi a goshi, ta ce in matsa akwai layi.

Sai ga ni a tsakar gidan Yaya Tabawa, da rumbunta da bishiyar zogalenta, sai dai an ɗauko gidan an ajiye shi tsakanin motoci biyu a cikin tashar. A turke an ɗaure wata dabba mai girman bijimi. Ba ta da ido, ba ta da kunne, baki ne kawai, kuma bakina ne, har da wushiryata. Tana cin gero a ƙasa? A'a, a cikin tasa mai kyau, kuma duk tauna ɗaya sai ta ce da muryata, "Wata ce daga ƙauyenmu."

Yaya tana zaune a gaban murhu tana fifita wuta. Ta tsufa fiye da yadda na bar ta, bayan nan da ya goye ni ya ranƙwafa. Ba ta ce mini ranka ya daɗe ba.

Ta ce, "Auta, ka rame. Ba sa ba ka abinci ne a birnin?"

Na ce, "Yaya, mece ce wannan a turke?"

"Maganarka ce. Ranar da na taho da ita ba ta fi ɗan tsako ba. Ci gare ta, ba ta ƙoshi."

"To me ya sa ba ki kore ta ba?"

"Ina zan kore ta? Kayan ƙanina ne. In na sake ta sai ta shiga gidajen mutane, gari ya ji abin da ka faɗa. Har yau cewa nake ka karɓe ni hannu bibbiyu, har kaza ka sa aka yanka mini."

Da zagina ta yi da ya fi mini sauƙi. Na ji kunya irin wadda ban taɓa ji ba a farke, na rasa inda zan sa idona, sai na sa shi a kan wata 'yar tukunya da ke bisa murhun.

"Me kike dafawa?"

"Ba dahuwa ba ce, ɗumame ne. Yafiyarka ce. Tun a motar komawa gida na yafe maka, ko kwalta ba mu sauka ba. Amma abin ba ya son aike, zubewa yake a hanya. Sai mai shi ya zo ya karɓa da hannunsa. Duk shekara in azumi ya matso sai in ɗora a wuta, in ce bana Auta zai zo." Ta ɗaga murfin ta leƙa. "Ta ɗan kama ta ƙasa, amma tana ciyuwa."

Ta juye a kwano ta miƙo mini. Na kai hannu, sai na ga wayata ta manne a tafukana biyu, manyan yatsuna suna ta dannawa ba da izinina ba. Na yarfa, ta ƙi faɗuwa. Na ce to bari in yi da baki. Na durƙusa, na tattaro duk abin da ke ƙirjina, amma abin da ya fito shi ne: "Duk wanda na ɓata wa, da sanina ko ba da sanina ba..."

Yaya ta waiwaya bayanta, ta duba hagu ta duba dama.

"Da su wa kake? Ni kaɗai ce a gidan nan."

Na sake gwadawa. "Ni na yafe wa kowa."

"Madalla," in ji ta, kwanon yana hannunta har yanzu. "Allah ya ba ka lada."

A daidai nan bunsurun mai tawul ya leƙo ta kan danga. "Saura mutum ɗaya!"

Na miƙe zumbur na rungume zogale. Na ce masa ban shirya ba, ina da iyali, ina da taro ranar Litinin, kuma likita ya ce jinina bai hau sosai ba.

Ya ce, "Wa ya kira ka? Matsa, ka tare wa tsohuwa hanya."

Yaya Tabawa ta ajiye kwanon a bakin murhu. Ta shiga ɗaki ta fito da wani farin yadi a naɗe, wanda ta daɗe da saya ta adana a ƙasan adaka, kamar yadda tsofaffinmu suke yi. Ba ta yi gardama ba, ba ta nemi shugaban tasha ba. Ta gyara mayafinta, ta yi bisimilla.

Na ce, "Yaya, kwanon fa?"

Ta ce, "Ga shi nan. Ni dai nawa na yi, Allah shaida ne. Amma in na tafi wutar za ta mutu, kuma ban san mai hura maka ita ba. Dabbar nan ma sai ka san inda za ka kai ta, gidanka za ta biyo."

Ta shiga motar. Na bi ta a guje, ƙafafuna suna gudu ƙasa kuma tana ja da baya. Hawayena ma sama suke yi, ba wanda ya sauka inda za ta gani. Can da ƙyar harshena ya saku, na ƙwala, "Yaya, ni ne! Ni na faɗa, da sanina na faɗa!" Amma motar ta riga ta tashi, ƙararta ta danne muryata, ga-ga-ga-ga, tana ƙaruwa har ta cika mini kai.

Na buɗe ido. Injin markaɗen maƙwabciyarmu ne, ta tayar da shi da sassafe kamar kullum, mata sun kawo waken ƙosai.

Na yi sallar da na makara, na zura takalmi, na ɗauki makullin mota. Matata Ladidi ta fito daga kicin da butar shayi, ta tambaye ni ina za ni ko karyawa ban yi ba.

Na ce, "Unguwar Ɗinya."

Ta ajiye butar a hankali, ta dafe ƙirji. "Inna lillahi. Wa ya rasu?"

Na ce, "Ba kowa tukuna. Buɗe mini get."