Lemar da Millicent Ta Bari a Bayan Ƙofa

Shekara goma sha tara Doktora Nélida Grinberg, likitar tunani, ta yi tana sauraren mutanen Buenos Aires kwance a doguwar kujerarta, suna ba ta labarin mafarkansu da laifin iyayensu. Amma babu wadda ta tsaya mata a rai kamar Millicent, wadda ko haihuwarta ba a taɓa yi ba. 'Yar wani limamin coci ce a cikin wani littafin Ingila na zamanin keken doki. A ƙarshen labarin ta fita cikin ruwan sama neman saurayin da ya yaudare ta, sanyi ya kama mata ƙirji, ta mutu. Nélida ba ta jin Turanci, fassarar Sifaniyanci ta yi ta karantawa har bangon ya saɓule.

Layi ɗaya ne ya hana ta sakat: "Ta dubi lemar mahaifinta a bayan ƙofa, ta bar ta nan."

"Ka gane?" ta ce wa mijinta Osvaldo, yana zuƙar shayin ƙasarsu, mate, a kicin. "Lemar nan uban ne da kansa. Ba mantuwa ta yi ba. Inuwarsa ta ƙi, ta gwammace mutuwa."

"Ko kuma lemar ta huje," in ji Osvaldo, tsohon mai gyaran famfo.

"Kai dai komai na duniya a wurinka yoyo ne."

Ta rubuta shafi arba'in, ta karanta wa 'yan'uwanta likitoci wata Asabar da la'asar. Ɗaki ya cika maƙil. Aka yi tafi, har wata ta share ƙwalla. Sai wani tsoho a can baya ya ɗaga sandarsa.

"Ranki ya daɗe, sunana Anselmo Bertolotti. Ni na fassara littafin nan tun ina saurayi."

Aka sake tafi. Nélida ta dafe ƙirji don murna.

"Ki gafarce ni, babu lema a na Turancin. Mai buga littafin ne ya ce shafin ya yi gajarta, in ƙara masa layi ɗaya. Ranar ana ruwa, sai na sa lema."

Osvaldo, da ke zaune a gefe, ya shiga tarin ƙarya. Nélida ta ji kamar ƙasa ta tsage ta shige. Ta kurɓi ruwa, ta cire tabarau, ta goge shi a hankali.

"Baba Anselmo, ai da ka iya sa hula, ko takalmi. Me ya sa lema? Kuma me ya sa ta uba?"

"Haka kawai ta zo mini."

Likitocin suka kwashe da dariya. A gabansu ba a cewa "haka kawai" a tsira.

"To," in ji Nélida, "ba mu labarin mahaifinka."

"Ki bar mahaifina ya huta a kabarinsa!" Tsohon ya buga sanda a ƙasa, ya zauna yana huci. Can sai ya ce ƙasa-ƙasa, "Ranar da ya tafi ya bar mu ma, ko lemarsa bai ɗauka ba."

Nan take alƙaluma suka hau aiki.

Nélida ta cire sunan Millicent daga takardar, ta sa "wani mai fassara", sauran kusan duk ta bar su yadda suke. Baba Anselmo kuwa ya fara zuwa wurinta duk Talata da ƙarfe huɗu, yana mita yana kwanciya a kujerar.

Wata Talata ya zo da wuri, Osvaldo ya buɗe masa ƙofa. Tsohon ya leƙa hagu da dama, ya raɗa masa, "Dokin nan da ya karye a babi na tara ma, ni na ƙara shi."

Osvaldo ya riƙe masa hannu. "Don girman Allah ka rufa mana asiri, Baba. Wata uku ke nan tana rubutu a kan dokin, kuma tun da ta fara, gidan nan lafiya lau."